Mamacin Jikin Bishiya

A tashar bas ta garin Gabrovo, Tsvetan ya sauko da jakarsa bayan shekara ashirin da ɓacewa, ya tarar da wata tsohuwa tana karanta littafin da 'yarsa ta rubuta a kansa. Ya matsa kusa da ita.

"Inna, uban nan da ya ɓace, 'yar ta yafe masa a ƙarshe?"

"Me za ta yafe? Kogi ya ci shi garin ceton wata mai ciki. Duk garin nan mun sha kuka. Ga sanarwar rasuwarsa can jikin bishiya, duk shekara sai an liƙa sabuwa."

Tsvetan ya leƙa, ya ga hotonsa, gashi cike da kai.

"To in bai mutu ba fa? A ce wata mata ya bi zuwa Jamus."

Tsohuwa ta gyara tabarau, ta dubi bishiya, ta dubi sanƙonsa.

"Au, kai ne? Ni da na dafa alkamar sadakarka har sau uku?"

"Inna, in ƙarasa gida?"

"Bas ɗin birnin Sofiya ƙarfe biyu yake tashi, bawan Allah. Yarinyar nan ta sha wuya kafin ta samu uban kirki. Kada ka je ka ɓata mata shi."