Naman da Baba ya zuba wa kananzir

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Rabi ce daga wajen Ɗanbatta.

Mahaifina dubagari ne. A shekarar fari, saniyar maƙwabcinmu ta kamu da ciwo, aka yi maza aka yanka ta, aka kai kasuwa. Baba ya ce doka ta hana, ya zuba wa naman kananzir, ya sa aka binne. Mu ma da yunwa muka wuni, amma mutanen gari suka daina gaishe shi har ya rasu.

Jiya na sayo wake, sai warin maganin ƙwari yake yi. Maƙwabcin nan ya shinshina, ya ce, "Rabi, ina ma babanki na nan!"

Wallahi ina kewar Baba. Jama'a, yanzu wa zan kai wa wannan wake ya duba?