Gyaran Mahaucin Maradun

A tashar Mafara, tsoho Falalu mahauci ya ƙyalla ido ya ga kular abinci a cinyar wata ɗaliba, Ramla.

"Ɗiyata, fura ce? Sam ma tsoho."

"Ƙodar saniya ce, Baba. Makaranta zan kai ta, in raya ƙwayoyin halittarta cikin kwalba."

"Naman da aka yanka ya rayu? Ikon Allah!"

"Yana rayuwa, in ƙwayoyin cuta ba su shiga ba. Shi ya sa na jiƙa ta a ruwan maganin kashe su. In ta lalace kamar ta farko, ba ni gama karatu bana."

"Mi ya sami ta farkon?"

"Ƙanena na aika Maradun. Wani mahauci ya yi masa gyara da ɗanyen hanji, ya cusa shi a leda guda da ƙodar. Ƙazantar ta fi ƙarfin magani."

Falalu ya sosa ƙeya.

"Ai gyara alheri ne. Hanjin fa, kun ci?"

"Mun yi farfesu."

"Madalla! Ai na ɗan maraƙi ne, da hannuna na zaɓa."