Magidanci na Goma Sha Biyu

A tashar Safana na sunkuyar da kai kan littafina, amma kunnena na wajen wani tsoho da wani magidanci.

"Baba, wannan takarda da kake ta lallaɓawa, ta gado ce?"

"Ta Ma'aikatar Harkokin Addini ce, ɗana. Mun koma ƙauyenmu bayan gudun hijira, muna neman izinin yin Juma'a a gida. Zuwa Runka duk mako kasada ne."

"Sun hana?"

"A'a. Sun ce sai magidanta goma sha biyu mazauna. Mu sha ɗaya ne."

"Ƙara sunan wani mana! Wa zai zo ƙirga?"

"In fara Juma'a da ƙarya? Kai ina kake zaune?"

"Ajin makaranta a Batsari, ni da iyalina. Damina biyu ban riƙe fartanya ba."

"Gonar ƙanena na nan, ciyawa ta cinye ta. Rijiya ma mun yashe."

"Ana kwana lafiya?"

"Tun girbi ba mu ji harbi ba. Gobe kuwa ta Allah ce."

Magidancin ya dubi takardar da ke hannun tsohon.

"Sunana Abdulmumin. Amma kada ka rubuta tukuna, Baba, sai uwar yara ta ga rijiyar."