Matar da ke Tsaye a Bakin Labule

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban jami'a da mataimakansa, shugaban ɗakin karatu da ma'aikatansa tun daga mai riƙe da makulli har zuwa mai share bene, shehunan malamai, ɗalibai, 'yan jarida, iyalan abokan aikina da suka riga mu gidan gaskiya, da dukkan jama'a maza da mata da kuka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya ga jami'a da ta ga dacewar buɗe wa jama'a ɗakin da take adana tsofaffin littattafai da hotuna da kayan wasan kwaikwayo. Ina godiya da kuka tuna da ni, kuka aika mota har ƙofar gida, kuka kama hannuna kuka hau da ni nan. Ga waɗanda ba su san ni ba, kuma na san su ne suka fi yawa, ni ɗan wasan kwaikwayo ne na dandamali. Yawancin rayuwata na yi ta ne ina fitowa a mugun kawu, har ta kai mata a kasuwa sukan ƙi sayar mini da kaya, wai ni ne mai cinye gadon marayu. An gayyace ni yau ba don na fi kowa iya magana ba, sai don a cikin ƙungiyarmu duka ni kaɗai na saura.

Maganata ta farko a kan kayan da ke cikin ɗakin ce. Shugabar sashen da ke kula da ɗakin, wadda nake kira 'yata don ba ta wuce sa'ar autata ba, ta zagaya da ni kafin yau. Na shafa gilashin da aka rufe kambin sarkinmu na kwali. An nuna mini zanen fagen wasa, da takardun tallan da muke mannawa a bango, da gemun audugar da ya sha faɗo mini a tsakiyar wasa. Rigar da muke shimfiɗawa mu zauna a bayan babbar mota, mu goge zufa da ita, yau tana kwance cikin kwali a naɗe da farar takarda, ba mai taɓa ta sai ya sa safar hannu. Da telanmu yana raye, da ya yi dariya har ya faɗi daga kan kekensa. Ni ma na yi dariya, sannan na gane cewa an fi lallaɓa rigar a kan yadda aka taɓa lallaɓa masu sa ta. Ban faɗi haka don zargi ba. Kun riƙe abin da mu muka wulaƙanta, Allah ya saka muku.

Maganata ta biyu a kan hotuna ce. Muna da mai ɗaukar hoto da ke bin mu duk inda muka je, ba mu taɓa kiransa da komai ba sai Mai Hoto. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka kawo wa jami'a akwatunansa. Da aka buɗe, sai ga hotuna fal: muna wasa, muna kwalliya, muna faɗa a bayan fage, muna barci a kan benci. Amma ko ɗaya babu suna a bayansa. Na tuna ranar da mai kula da fitilunmu ya ce masa, "Kai Mai Hoto, ba ka rubuta sunayen mutane a baya?" Ya ɗago kai ya ce, "Haba! Wa bai san ku ba?" Muka kwashe da dariya gaba ɗaya, domin a lokacin muna tashe, yara na bin mu a titi suna kwaikwayon tafiyarmu. Wa bai san mu ba? To, ku shiga ɗakin nan yau ku duba ɗan katin da ke ƙarƙashin kowane hoto. Abin da aka rubuta a mafi yawansu shi ne: ba a san su ba. Mutanen da suka sa gari dariya, ba a san su ba. Mutanen da suka sa gari kuka, ba a san su ba.

Wannan ne ya sa 'yata ta nemo ni. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ne za ka iya gaya mana ko su wane ne. Ka zo ka duba, ni kuma in rubuta."

Sai maganata ta uku, wadda ita ce ta fi mini nauyi. Jama'a, idona yana tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba yana ba ce da za a kankare, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi kuwa ɗakin nan yana da dokarsa: haske yana cin hoto. Saboda haka tagogi a rufe suke da labule mai kauri, fitilun kuma an rage su ƙwarai. Ku dubi wannan al'amari. Hasken da nake bukata in gane su, shi ne zai kashe su. Duhun da ke raya su, shi ne ya ɓoye mini su. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin fitilar da ke ƙona ƙeya, yau ga ni ina lalube a gaban abokaina.

Muka nemi dabara. Ita ta riƙa kwatanta mini, ni ina faɗa. Ta ce, "Ga wani dogo, ya karkatar da hula, ya riƙe ƙugu." Na ce, "Wannan Dogo ne, ko a gidan makoki haka yake tsayuwa." Ta ce, "Ga wata ta buɗe baki kamar tana zagin wani." Na ce, "Gwaggon Gari ce, kuma ba kamar ba ne, zagin take yi." Ta haka muka ceto wasu. Amma wasu da yawa, tsayuwarsu irin ta kowa ce, rigarsu irin ta kowa ce, sai fuska kaɗai ke raba su, fuskar kuwa ba ta kwatantuwa da baki. An ɗauki hotunan a na'ura an ƙara musu girma, sai fuskokin suka watse mini suka zama ɗigo-ɗigo. Muka wuce su ɗaya bayan ɗaya, ina jin kamar ina wuce ɗan'uwa a hanya ban gaishe shi ba.

Ana nan sai ta ɗauko wani ta ce, "Baba, wannan mace ce ita kaɗai, a tsaye a bakin labule, tana jiran shiga. Da tulu a kanta, ta rufe baki da hannu tana dariya." Na san wasan, na san tulun. Mata biyu ne suke karɓa-karɓar wannan fitowa, da tufafi ɗaya, da tulu ɗaya, tsayinsu ma ɗaya. Ɗaya ƙanwar telanmu ce, wadda ta rasu da ƙuruciyarta ba ta bar ɗa ba. Ɗayar kuwa matata ce, uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta. Tun da ta bar dandamali ba ta ƙara yarda an ɗauke ta hoto ba, takan ce ta gama nuna fuska. 'Ya'yanmu ba su taɓa ganin ƙuruciyarta ba, jikokinmu ba su san kamanninta ba ko kaɗan.

Na roƙi 'yata. Na ce, "Don Allah, ki kai mini shi taga." Ta san doka sarai, ita ce ma mai tsaron dokar. Ina neman shugaban ɗakin karatu ya yafe mata, laifin nawa ne. Ta sa safar hannunta, ta ɗauki hoton, ta yaye labule, rana tsaka ta faɗo a kansa. Na kawo fuskata kusa har ina jin ƙanshin tsohuwar takarda. Na duba da dama, na duba da hagu. Jama'a, ban ga komai ba sai wani fari-fari inda fuskar take. Ashe ba duhun ɗakin ba ne, ni ne na makara.

Ta ce mini a hankali, "Baba, in ka ce Mama ce, zan rubuta. Ba wanda zai yi maka musu." Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya rage da zai yi mini musu. Wallahi na so in ce ita ce, bakina har ya buɗe. Sai na tuna ƙanwar tela. In hoton nata ne, shi kaɗai ne shaidar cewa ta taɓa tsayuwa a duniyar nan tana dariya, kuma ba ta da wanda zai zo ya ƙwato mata shi. Na yi shekaru ina cinye gadon marayu a kan dandamali, ba zan yi shi da gaske ba a ƙarshen rayuwata. Na ce, "'Yata, mayar da shi. Bar katin yadda yake."

Saboda haka roƙona gare ku ɗaya ne. Ku da Allah ya bar wa idanu, ku shiga ɗakin nan, kada ku yi sauri. Duk wanda ya taɓa zama a bencinmu yana yaro, duk wanda mahaifiyarsa ko kawunsa ya taɓa hawa dandamali, ya tsaya ya duba da kyau. In kun gane fuska, ku faɗa da ƙarfi, akwai mai rubutawa. Ku koma gida ku ɗauko tsofaffinku, ku kawo su tun suna gani, kada ku jira su kai inda na kai. In kuma akwai wanda ya san mai tulun nan, ina nan zaune a bakin ƙofa har a tashi. Ko wacce ce a cikinsu, ya zo ya gaya mini, zan iya ɗauka.

Allah ya albarkaci wannan jami'a da masu yi mata hidima. Allah ya kiyaye muku ganinku, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka gane, ya jiƙan waɗanda muka kasa ganewa, domin shi bai manta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na gode.