Na Shafe Muryar Kakar Ɗana

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce mahaifiyar Sani, daga unguwar Highbridge a birnin New York, inda aiki ya kawo maigidana. Don Allah ka karanta wannan duka, kada ka rufa mini asiri.

Watannin baya mahaifiyata, Inna, ta aiko mana da kaset daga Kano ta hannun wani ɗalibi. Duk tsokanar jikanta Sani ce, ɗan shekara bakwai: "Kai mijin banza, ka gudu ƙasar Turawa ka bar ni ko goro babu!" Yaron ya yi ta birgima don dariya, ya ce zai rama, zai kira ta tsohuwa mai haƙori biyu.

Na daka masa tsawa, na ce a gidana ba a raina babba. Na manta wasan kaka da jika ya girme ni. Na sa shi ya durƙusa, na ɗauki gaisuwarsa a kaset ɗin, ta shafe muryarta, da niyyar mayar mata da shi.

Kafin mu sami mai tafiya gida, saƙo ya iso cewa Inna ta rasu.

Jiya Sani ya ce, "Mama, kunna mini matata," wato Inna. Na kunna. Muryata ce ta fito: "Durƙusa da kyau! Sake faɗa!"

Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Iyaye mata, kullum ni ke yi wa mutane faɗa a kan tarbiyya. Yau ku gaya mini, da wane baki zan nemi gafarar yaron nan? Allah ya jiƙan Inna.