Man da Ban Sha Ba

Kuɗin tafiyata Qatar daga gindin ɗorawa suka fito. Kai Nafi'u, ajiye wayar nan, ku ne kullum masu cewa sai Doha, to ku buɗe kunne. Inna tana da wata ɗorawa a gonar gangare, gadon ubanta, da kalwarta ake yin daddawar gidanmu tun kafin a haife ni. Da ejan ya ce a kawo ciko, sai ta kira masu yankan katako. Ranar da aka kayar da bishiyar ba ta leƙa gonar ba. Ranar da zan tafi kuwa abu ɗaya ta ce mini: "Tukur, ko ba ka dawo da komai ba, ka dawo mini da sunanka."

Kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyina, wani kamfanin gine-gine ne a Lusail, mu Lusel muke cewa. Suka ba ni tuƙin wani injiniya Bature da ke zaune a unguwar Aziziyya. Sunansa Gareth, harshena ya ƙi, na ce Garba, ya amsa, aka wuce wurin. Tun ranar farko aka nuna mini katin shan mai, aka ce direban da na gada a kan satar mai da katin nan aka ɗora shi a jirgi, har hotonsa sai da ya zaga wayoyin mutanen garinsu. Saboda haka ni ko warin fetur ba na so ya taɓa mini riga.

Garba mutumin kirki ne, sai dai kaɗaici ya yi masa yawa. Iyalinsa na can ƙasarsu, shi kuma ya faɗa karatun addinin kakanninsa na da can a intanet. Wai Duruwid ake ce musu, ni Durumi nake cewa, tunda duk harkar itace ce. Tsofaffi ne masu fararen riguna da ke taruwa a gindin bishiya suna gaida rana. Ya ce sunan bishiyar ok. Na ce ok. Ya ce a'a, ok. Na ce to yallaɓai ai na ce ok. Ɗan koyo ne fa, ko babbaƙu bai gama ba, amma ya sayi wata ganga mai faɗi kamar rariya, ya cika falo da duwatsu. Turancina bai wuce yessa da tirafik ba, shi ya sa idan cunkoso ya riƙe mu a Kwanish, bakin teku, nake koya masa Hausa. Sannu, ruwa, sha, mai. Har ya iya cewa mota ta sha mai. Ashe rami nake gina wa kaina.

Wata rana zazzaɓi ya kama shi. Na tsinko ganyen darbejiya a bayan gidan, na tafasa, na lulluɓe shi da bargo ya yi surace, ya tashi garau. Ya kuma lura ba na ajiye mota a gindin bishiya da tsakar rana, na ce masa akwai masu wurin. Ya ga ba na zubar da ruwan zafi sai da bisimilla. Duk yana kallo yana jinjina kai. Ran nan muna hanyar Lusel sai ya leƙo daga baya, ya yi ƙasa da murya, ya ce:

"Tukur, yu shaman?"

Sitiyari ya kusa kuɓuce mini. Me kuka ji ya ce? To ni ma abin da na ji ke nan: ka sha man? Da Hausar da na koya masa da bakina! Na ce wallahi tallahi ban sha ba, no, no. Ya yi wani murmushi, ya ce ya gane, sirri ne.

Na koma masauki, ba abin da nake gani sai fuskar Inna da kututturen ɗorawa. Abokin ɗakina Issaka, ɗan Kumasi, mai gadi ne, kuma a faɗarsa ya san Turawa ciki da bai. Ya ce, "Chale, Bature bai son musu. Ka ce ka yi kaɗan, ka ce sori, khalas, shi ke nan. In ka musa, jirgi." Kada ku taɓa karɓar shawara wurin mutumin da ke cin wake da ayaba.

Da safe na sunkuyar da kai na ce, "Sa, shaman, simol-simol. Sori."

Bawan Allah sai ya kama hannuna biyu yana girgizawa. Ya tambaya ko ubana ma yana yi. Na ce ubana jaki gare shi, da me zai yi? Ya ce to kakana fa? Na ce yallaɓai a bar matattu su huta. Sai ya ce in koya masa. Na tsaya ina kallonsa. Mutum da albashinsa, da gida mai bene, amma yana son ya koyi zuƙe man kamfani. Na ce a raina, lallai duniya ta lalace, amma in maigida ya shiga ciki ai ba mai kora ta.

Ya zaɓi ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, wai babbar rana ce a wurin 'yan Durumi. Tsakiyar zafin Qatar ke nan, lokacin da iska ke dukan fuska kamar an buɗe tanda. Muka fita bayan gari a tsohuwar jif ɗin kamfani neman bishiya. Ok dai babu ita, sai wata guda ɗaya tal a fili, Larabawa na ce mata sidira, na duba na ga kurna ce irin ta garinmu. Garba ya fito ya yafa farin zanin gado, ya cire takalmi, ƙasa ta gasa shi, ya mayar. Ni kuma na fito da mesa da jarka. Ya kalli kayan aikina da girmamawa, ya ce in fara, zai bi ni da ganga.

Na ce wannan wane irin ɓarawo ne da kiɗa? Na zura mesa a tanki. Ni fa ban taɓa yi ba, a tasha kawai nake ganin ana yi. Na ja, shiru. Na sake ja da ƙarfi, sai fetur ya taho gaba ɗaya, baki, hanci, har maƙogwaro. Na faɗi ina tari ina birgima, idanu sun juye, ina kiran Inna. Shi kuwa gogan ya ɗauka masu wurin ne suka sauka a kaina, sai ya ƙara wa ganga wuta, yana zagaya ni yana rera wani abu da yarensu. Ina cewa ruwa, ruwa, kalmar da ya sani sarai, sai ya ɗauko gora ya tsiyaye wa kurna. Sai da na yi amai a kan zanin gadonsa ya gane ba hawan iska ba ne.

A asibiti Allah ya haɗa ni da likita Bakatsine. Ya ji ta bakina, ya ji ta bakin Garba, sai ya fita waje. Ina jiyo dariyarsa ta bango. Da ya dawo yana share hawaye ya ce, "Malam Tukur, ba wanda ya ce ka saci mai. Shaman da Turanci kamar boka ne, ko sarkin bori."

Na tashi zaune da robar ƙarin ruwa a hannu. Ni? Ni da nake kiran salla in ladan ya makara? Na ce likita fassara masa, kada ka rage ko ɗaya. Darbejiya ko akuyar garinmu ta san maganin zazzaɓi ce. Bisimilla kuwa ta Musulmi ce. Ya je ya yi Duruminsa, shi da Allahnsa, amma kada ya sake haɗa ni da bokanci. Garba ya yi ja har kunne, ya ba da haƙuri, ya ce shi ɗan koyo ne, a darasi aka ce ya nemi wanda ya san itatuwa, kuma a duk Doha ni kaɗai ya ga ina kallon bishiya kamar mutum. Maganar jarka kuwa ya ce ba mai ji a kamfani.

Can ya tambaya, ta bakin likita, wai kowa na da bishiyarsa, ni wace ce tawa. Na ce ɗorawa ce, an sare ta, ita ce kuɗin jirgina. Ban san abin yana ci na haka ba sai da na faɗa, na juya na kalli bango don kada su ga idona.

Na ƙarasa kwantiragina lafiya, ba wanda ya taɓa kira na ɓarawo. Na dawo da ɗan abin da na buɗe shagon nan, na kuma dasa ɗorawa kusa da kututturen, ga ta can ko inuwar akuya ba ta kai ba tukuna. Washegarin isowata Garba ya kira ni ta bidiyo, ya ce sai ya gaida Inna. Na miƙa mata waya, mata sun cika tsakar gida 'yan barka da zuwa. Ya ce sannu Mama, ta ce yauwa ɗan nan. Sai tsokana ta motsa masa, ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Tukur, gud shaman!"

Inna ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali. Ta dube ni daga sama har ƙasa, a gaban matan unguwa kaf, ta ce:

"Tukur, man wa ka sha?"