Buhunanmu Sun Riga Mu Haɗa Kai

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Alhaji Muhammadu Lawal, wakilan iyayen ƙasa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana masu fataucin zoɓo da riɗi na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ina gaishe ku da kyau. Na gode da aka ba ni dama, don tun safe albishir ke cin bakina.

Magana ta farko. Ta hanya biyu ake kai kaya Legas a tirela mai buɗaɗɗen baya. Ko ka ɗau shatar motar gaba ɗaya, ko ka ba ɗan kamasho buhunanka ya yi cikon lodi da su, ka biya kuɗin buhu-buhu. Cikon lodi ya fi daɗi a kunne, kuma mai buhu biyar da ke sauri ba shi da wata dabara. Amma araha ba ta ado. Motar ciko sai ta cika take tashi, kuma a kowace tasha sai an yaye tamfol, an sauke na wani, an danne naka, rana ta sha zoɓonka, ko a jera shi da busasshen kifi ya isa Legas yana ƙarni.

Magana ta biyu, me ya hana mu shata? Ɓoyo. Kowa ba ya so maƙwabci ya san yawan buhunansa, wai gudun baki. To ku ji abin da na gani da idona a tashar Kazaure bara. Hajiya Shatu ta Roni ta zo duba kayanta, Alhaji Falalu na Gwiwa ya zo duba nasa, suka yi kaciɓis a gindin mota ɗaya. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Alhaji, ba kai ka ce bana ba ka sayi ko mudu ba? Wannan jan fentin na buhunan wa?" Ya ce, "Hajiya, ke da kika ce kin koma sayar da atamfa fa?" Da aka hau aka duba, kayan mutum huɗu ne a motar, dukansu suna zaune a nan. Da suka faɗa wa juna abin da kowa ya biya, ya isa shatar motar har a sayi taki da ragowar. Buhunanmu sun haɗa kai, mu ne ba mu haɗa ba. Sirrin da kake ɓoye wa maƙwabcinka, ɗan dako ya sani, ɗan kamasho ya sani, yaron mota ma ya ƙirga.

Magana ta uku ita ce albishir. Wancan mai shuɗiyar hula a baya, Malam Sabiru direba ne. Siminti ya kawo, zai koma kudu ba kaya, kuma mota mai komawa wayam ba ta tsawwala farashi. Ya yarda mu ɗau shata, a ɗaure tamfol a nan, ba mai kwance shi sai a Legas. Gobe zai tashi, da mu ko ba mu. Kun kuma san cewa mai sayen zoɓonmu a Legas ya ce in muka sake makara, zai nemi wasu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Saboda haka mai kaya ya ɗaga hannu. Madalla, ga hannun Hajiya Shatu. Alhaji Falalu, ɗaga sosai, ai mun riga mun ga jan fentin.

Allah ya tsare hanya, ya kai kayanmu da jansu da ƙamshinsu, ya sa wa kasuwa albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Malam Sabiru, a je a share bayan mota. Na gode.